Hawan keke a Yamai lokacin korona: kai kaɗai ko da abokai, ina haɗarin yake?



A watan Afrilun 2021, cutar korona ta cika shekara guda da ƴan kwanaki da shigowa Nijar. An yi ta maganar rufe masallatai da makarantu da iyakoki, amma akwai wani abu da bai cika shiga labarai ba. Duk mai fita da sassafe a Yamai, musamman ranar Asabar da Lahadi, yana cin karo da mutane bisa keke, wani shi kaɗai, wasu a jere, da hular kwano a kai da gorar ruwa a jikin keken. Ba kasuwa za su ba, ba wurin aiki za su ba, ba aike aka yi musu ba. Su tafi kilomita ashirin ko talatin, su juyo gida hannu rabbana.

Mutumin karkara in ya ji haka dole ya yi mamaki, don shi keke abin ɗaukar buhu ne da zuwa gona da kai mara lafiya likita. Ɗan uwa da ke waje kuma, wanda ƙanensa ya roƙe shi keken tsere, tambayarsa daban ce: cikin annoba, shiga taron masu keke ba neman cuta ba ne?

Amsar a taƙaice ita ce: bisa sirdin keke, a fili, cikin iska, haɗarin ɗaukar korona kaɗan ne. Inda ake tsayawa a huta, nan cutar take samun ƙofa. Sannan a Yamai akwai abubuwa uku da suka fi korona saurin cutar da mai keke: mota, rana, da rashin tsaro a wasu hanyoyi. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Yadda aka kulle gari

Mu tuna baya kaɗan. Ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta zama annobar duniya. Ranar 17 ga wata shugaban ƙasa na lokacin, Issoufou Mahamadou, ya sanar da rufe filayen jirgin sama na Yamai da Damagaram, da iyakokin ƙasa, da makarantu, tare da hana taron da ya wuce mutum 50. Ranar 19 ga Maris aka tabbatar da mutum na farko mai cutar a nan Yamai. Ba a jima ba aka dakatar da sallar jam'i.

Daga 28 ga Maris aka kafa dokar hana fita a Yamai, daga ƙarfe 7 na marece zuwa 6 na safe. Washegari aka killace birnin baki ɗaya: ba shiga, ba fita, sai motocin kaya da masu izini. Da azumi ya gabato, bayan tarzomar da aka yi a wasu unguwanni, an sassauta dokar zuwa ƙarfe 9 na dare har 5 na asuba. Ranar 13 ga Mayu aka ɗage ta aka buɗe masallatai da coci-coci, bayan kwana biyu aka buɗe ƙofofin Yamai, yara kuma suka koma makaranta 1 ga Yuni.

To ku duba halin da matashi ko magidanci ya shiga a waɗannan makonni. Fada, inda ake zama da dare a sha shayi a yi hira, doka ta tashe ta. Ƙwallon ƙafa na unguwa taro ne. Gidajen kallon wasa sun yi tsit, don su ma Turawan sun dakatar da gasanninsu. Ma'aikata da yawa an rage musu lokacin aiki, ɗalibai suna gida. Mutum ya ci ya kwanta, ya tashi ya duba waya ya ga labarin mutuwa, ya sake kwanciya. A irin wannan zama ne wasu suka tuna da keken da ke jingine a bayan ɗaki.

Masu tseren keke dama akwai su a ƙasar nan, da hukumarsu ta ƙasa, tun kafin korona. Abin da annoba ta yi shi ne ta turo musu sabbin abokai: ma'aikacin ofis da tumbi ya fara dama, malamin makaranta da ba shi da aji, ɗalibin jami'ar Abdou Moumouni da aka ce ya zauna gida.

Lokacin kulle, filin hawan ya yi ƙaranci ƙwarai. Ba a fita kafin 6 na safe, kuma watan Afrilu ne, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40 kusan kullum. Ke nan awa biyu zuwa uku kawai mutum yake da su kafin rana ta buɗe. Bayan gari kuwa shinge ne na jami'an tsaro. Sai aka koma zagaye cikin birni: bakin kogi ta Yantala da Gamkalle, Boulevard Mali Béro, sabuwar hanyar filin jirgin Diori Hamani da aka yi saboda taron Tarayyar Afirka na 2019, ko a haye gadar Kennedy zuwa Harobanda a dawo ta gada ta biyu.

Me ake samu a hawan da ba aike?

Manomi da ke riƙe da hauya ko kwashe wuni guda yana ɗebo ruwa ba ya buƙatar wani ya koya mishi motsa jiki. Aikinsa ya ishe shi. Ɗan birni kuwa daga gado sai babur, daga babur sai kujera. Shi ya sa hawan jini da ciwon suga suka yi yawa a birane. Kuma likitoci a ko'ina sun lura masu waɗannan cututtuka biyu, da masu ƙiba da tsofaffi, su korona ta fi kayarwa.

A watan Nuwamban 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta shawararta: babban mutum ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako. In ka raba, rabin awa ne a rana, kwana biyar. Matsakaici yana nufin numfashinka ya ƙaru, zufa ta fito, amma kana iya magana da na kusa da kai. Keke yana ba da wannan ba tare da ya dami gwiwa ba, saboda nauyin jiki na bisa sirdi. Mai jiki da ba ya iya gudu a ƙasa yana iya tuƙa keke.

Sai kuma zuciya, ba ta nama ba, ta tunani. Wanda kasuwarsa ta tsaya, ko albashi ya yi jinkiri, ko mahaifiyarsa na ƙauye kuma an hana shi fita ya gan ta, in ya zauna wuri ɗaya damuwa cinye shi take. Awa ɗaya a bakin kogin Isa da sanyin safiya, yana ganin masunta da masu lambu suna aikinsu, tana rage nauyin ƙirji, kuma barcin dare yana zuwa da sauƙi.

Amma mu ji da kyau: keke ba maganin korona ba ne, ba kuma rigakafinta ba ne. Ƙarfin jiki yana taimako, bai hana kamuwa.

Kai kaɗai

Ta fuskar cuta, babu abin da ya kai hawan mutum ɗaya aminci. Ƙwayar korona tana fita ne cikin numfashi da tari da magana, ta fi kama mutane a ɗaki rufaffe inda aka daɗe tare. A fili, iska na watsa ta. Wanda ya bar taksi ko faba-faba, inda ake zama kafaɗa da kafaɗa, ya hau kekensa, ya rage ma kansa haɗari sosai.

Maganar takunkumi: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a sa shi lokacin motsa jiki mai ƙarfi, don zufa na jiƙa shi ya hana numfashi, sai dai a bar tazarar aƙalla mita ɗaya da mutane. Don haka a sa shi a aljihu. In an sauka sayen ruwa ko an shiga wurin mai faci, a fito da shi.

Hawan kai kaɗai yana da daɗinsa. Ba ka jiran kowa, ba mai matsa maka ka yi gudun da ya fi ƙarfinka, ka tsaya inda ka so. Ga sabon shiga ma shi ya fi, ya fara da kilomita biyar, mako mai zuwa takwas, a haka har ƙafa ta saba. Tafiya sannu sannu kwana nesa.

Amma yana da farashi. Taya ta fashe a bayan gari, kai ne da kanka. Jiri ya ɗebe ka saboda rana, ba mai riƙe ka. Mota ta goge ka ta wuce, ba shaida. Saboda haka mai fita shi kaɗai ya riƙe waɗannan:

Ya faɗa ma mutanen gida hanyar da zai bi da lokacin da zai dawo, kuma kada ya canza hanya bai kira ba.

Ya ɗauki waya mai caji, da katin shaida, da ƴan kuɗin da za su kai shi gida a mota in keke ya ƙi.

Ya koyi yin faci da hannunsa, ya riƙe famfo da robar ciki ta ajiya. Tayar keken tsere siririya ce, ƙayar aduwa ko tsidau ɗaya ta ishe ta.

Kada ya toshe kunnuwansa da waƙa ko karatu. A titin Yamai kunne shi ne ido na uku.

Tare da abokai

Me ya sa masu keke suke son tafiya a jere, tayar wannan kusa da ta wancan? Ba ado ba ne. In gudu ya kai kamar kilomita 25 ko 30 a awa, yawancin ƙarfin mai keke yana tafiya ne wajen ture iska. Na gaba shi ke fasa ta, na bayansa yana samun sauƙin da ke iya kai kashi ɗaya cikin uku na wahalar. Sai a riƙa karɓa-karɓa: ka ja na ɗan lokaci, ka koma baya ka huta, wani ya karɓa. Da haka mutum biyar ke yin nisan da ɗayansu ba zai iya shi kaɗai ba. Lokacin hunturu, da iskar gabas ke bugun fuska a hanyar Dosso, wanda bai da na gaba ya san ya hau keke.

To nan ne korona ta kawo matsala. Iskar da na gaba ya bari ita na baya ke shaƙa. A watan Afrilun 2020 wasu masu bincike na jami'o'in Leuven a Beljiyam da Eindhoven a Holan sun yi gwaji da kwamfuta, suka ce ɗigon yawun mai keke yana iya bin bayansa da nisa, suka ba da shawarar tazarar mita 10 ga mai tafiya a hankali, 20 ga mai gudu. Labarin ya zagaya duniya a waya. Sai dai injiniyoyin iska ne suka yi aikin, ba su auna ko wani ya kamu ta haka ba, kuma masana cututtuka da yawa sun ce haɗarin a fili bai kai yadda aka tsorata mutane ba. Abin da hankali zai ɗauka shi ne: lokacin da cuta ta yi ƙamari a gari, a daina manne ma juna, a buɗe tazara, kuma kada wanda ke gaba ya tofa yawu ko ya fyace hanci sai ya koma can baya.

Amma babbar ƙofar cutar ba a nan take ba. Ku dubi yadda fitar take daga farko har ƙarshe. An haɗu a mahaɗa da asuba, an yi musabaha, an rungumi wanda aka kwana biyu ba a gani ba. An yi tafiya awa ɗaya. An tsaya gindin bishiya, gorar wani ta ƙare, an miƙa mishi ta abokinsa, baki ya taɓa baki. An zauna wurin mai shayi, kofi uku na zagaya mutum goma. An ɗauki hoto kai da kai. Wani kekensa ya lalace, mutum huɗu sun cusa cikin mota ɗaya an rufe gilashi. Duk wanda ya ɗauko cuta a wannan fita, da wuya a ce bisa keke ya ɗauke ta.

Saboda haka ƙa'idar tafiyar abokai ba ta da wuya:

Ƙungiya ƙarama, mutum uku zuwa biyar, kuma su ɗin dai kullum. In ɗaya ya kamu, an san waɗanda za a nema.

Gora ɗaya, baki ɗaya. In za ka taimaki wani da ruwa, zuba mishi cikin tasa.

Gaisuwa da baki da hannu a ƙirji ta isa. Mun san abin da nauyi a al'adarmu, amma girmamawa ba ta ragu ba.

In an tsaya, a tsaya a fili, kowa da kekensa tsakaninsa da ɗan uwansa. Tsawon keke ya wuce mita ɗaya da rabi, ya isa ma'auni.

Mai zazzaɓi, ko tari, ko wanda ya daina jin ƙamshi da ɗanɗano, ya zauna gida ya nemi gwaji. Wannan ba don abokai kawai ba ne, don kansa ne ma. Motsa jiki mai ƙarfi cikin zazzaɓi yana iya taɓa zuciya. Wanda ya warke kuma kada ya yi gaggawa, ya huta, ya dawo sannu, in ya ji ciwon ƙirji ko bugun zuciya ya rikice, ya ga likita kafin ya sake hawa.

Akwai abin da ya kamata matasa su riƙe. Kai mai shekara 25 wataƙila cutar ta wuce ka kamar mura. Amma gidan da za ka koma akwai tsoho, akwai tsohuwa. Mun ga yadda ta ɗauki manya, har da ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar a farkon Mayun 2020. A watannin Disamban 2020 da Janairun 2021 cutar ta dawo da ƙarfin da ya fi na farko. Zuwa ƙarshen Maris 2021 waɗanda gwaji ya tabbatar sun kamu a ƙasa baki ɗaya sun kai wajen 5,000, mamata sun doshi 200. An fara allurar rigakafi ranar 29 ga Maris 2021 da wadda ƙasar Sin ta bayar.

Hanya, rana da tsaro

Yanzu ga abubuwan da suka fi korona kusa da wuyan mai keke.

Na farko hanya. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2018 ya ce mutum miliyan 1.35 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur, kuma Afirka ta fi kowace nahiya yawan mutuwar in aka kwatanta da yawan jama'a. A Yamai mai keke yana raba kwalta ɗaya da taksi mai tsayawa ba sigina, da kabu-kabu, da manyan motocin kaya, da amalanke, da awaki. Gefen titi kuma yashi ne, siririyar taya in ta shige shi sai faɗuwa.

A bi hannun dama, a bi danja kamar kowace mota. A nuna hannu kafin a juya. Kada a shiga gefen babbar mota a shataletale, direban ba ya ganinka. Riga mai haske, fitila gaba da baya in za a fita kafin gari ya waye. Sai hular kwano, wadda muke ce ma kaske. Wasu na jin kunyarta, wai a ce sun yi shigar Nasara. Karyewar hannu ana ɗorawa, kai kuwa ba a ɗora shi. Direbobi ma muna roƙonku: in za ku wuce mai keke ku ba shi fili, ku rage gudu, kada ku danna mishi oda a kunne har ya firgita.

Na biyu rana.  Mai keke cikin zafin bazara yana iya zubar da lita guda ta zufa a awa, kuma iska na busar da ita bai sani ba. A fita bayan sallar asuba, a dawo kafin ƙarfe 9. A sha ruwa kafin ƙishirwa ta zo. In tafiyar ta wuce awa guda, ruwan gishiri da suga irin wanda ake ba yaro mai zawo yana da amfani: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na suga, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In kun ga abokinku ya fara magana ba kai, ko yana tangaɗi, ko jikinsa ya yi zafi rau, ku sauke shi, ku kai shi inuwa, ku jiƙa shi da ruwa kuna fifita, a nemi mota zuwa likita nan take. Bugun rana yana kisa cikin ɗan lokaci.

Damina ma da nata. A Satumban 2020 kogi ya cika har ya kai wajen santimita 700 a ma'aunin Yamai, madatsar Lamorde ta ɓalle, unguwanni da dama na Harobanda suka nutse. Bayan irin wannan ruwa, hanyar da ka sani jiya ba ita ce yau ba. Ramin da ruwa ya rufe ba a sanin zurfinsa.

Na uku tsaro, kuma wannan ba abin wasa ba ne. Yamai a tsakiyar jihar Tillabéri take, ta kowace ƙofa ka fita cikinta ka shiga. Ranar 9 ga Agustan 2020 ƴan bindiga sun kashe mutum takwas a dajin raƙuman dawa na Kouré, kamar kilomita 60 daga Yamai: Faransawa shida ma'aikatan agaji da ƴan Nijar biyu. Bayan nan aka faɗaɗa dokar ta-ɓaci har yankin Kollo. Wuraren da a da ake ɗauka na shaƙatawa ne, yanzu sai an yi tambaya. Boubon, garin masu tukwane da kasuwar Laraba, kamar kilomita 25 ne. Kollo kamar 35. Say ta wuce 50. Ƙafa tana iya kai mutum duk waɗannan, amma kafin a kama hanya a tambayi jami'an da ke shingen fita gari, a bi abin da suka ce, kuma kada dare ya riski kowa a waje. Wanda ke son nisa ba tare da ya bar gari ba, gada ta uku mai sunan Janar Seyni Kountché da aka buɗe a watan Fabrairun 2021 ta ƙara mishi sabon zagaye.

A nan ya kamata ɗan birni ya tuna da ƴan uwansa. Ranar 1 ga Janairun 2020 aka hana hawan babur a sassa da dama na jihar Tillabéri saboda tsaro, kamar yadda aka yi a Diffa a 2015. A lokacin, mutanen can keke da amalanke da ƙafa suka rage musu. Abin da wani ke hawa don ya rage tumbi, shi wani ke hawa don ya kai matarsa awo.

Lokacin azumi

A 2021 Ramadan a tsakiyar zafi ya zo. Mai azumi ba ya da gorar da zai sha a hanya, don haka doguwar tafiyar safe a ajiye ta sai bayan salla. Mai son ya riƙe sabo yana iya ɗan zagaye mara nisa, a hankali, rabin awa kafin shan ruwa, kusa da gida. Sai dai a kula, lokacin ne kowa ke sauri a titi, direbobi sun gaji, haƙuri ya yi ƙaranci. Wasu sun fi son bayan tarawi, to wannan sai da fitila da riga mai ƙyalli. Mai ciwon suga ko hawan jini ya fara jin ta bakin likitansa.

Ku da ke waje

Ƴan uwa na Faransa da Beljiyam da Amurka, kun ga abin da idonku. A Faransa lokacin kullen farko awa ɗaya aka yarda mutum ya fita shan iska, cikin kilomita ɗaya daga gidansa. Da aka buɗe, gwamnati ta riƙa biya ma mutane har yuro 50 su gyara tsofaffin kekunansu, birnin Paris kuma ya ware kusan kilomita 50 na titi don masu keke. Bogota ta ƙasar Kolombiya ma ta yi irin haka tun cikin Maris. Babbar gasar Tour de France da aka saba yi a Yuli sai ƙarshen Agusta aka fara ta, matashi Tadej Pogacar ya cinye. Maƙwabtanmu na Burkina Faso, inda mata da maza ke hawan keke ba mai kallon wani, ba su yi Tour du Faso na 2020 ba, gasar da suka faro tun 1987.

Wannan rububi ya sa kekuna da kayan gyaransu suka yi ƙaranci a kasuwannin duniya. Mu nan galibi na hannu muke samu. Don haka in za ku aiko ma ƙane ko ɗa da keke, ga shawara. Ku tambayi tsawonsa, keken da bai yi daidai da mutum ba ciwon baya ne. Kada ku zaɓi mai tsadar da in wani abu ya karye ba za a samu irinsa a Katako ba. Mai taya mai ɗan faɗi ya fi dacewa da hanyoyinmu. Ku haɗo da kaske da fitila da robar ciki, don su ne ba a cika saye ba in kuɗi ya zo hannu. Kuma wanda ba a aiko mishi ba kada ya karaya. Tsohon baƙin Phoenix ko Raleigh na baba, in an sa mishi mai aka gyara birki, zuciya ba ta san bambanci ba. Nauyinsa ma ƙarin aiki ne ga ƙafa.

Iyaye na gida, in an ce muku ɗanku na Yamai ya koma hawan keke, ba talauci ne ya kama shi ba, ba kuma hankalinsa ne ya taɓu ba. Ku tambaye shi abu uku: kana sa hula? Da wa kake fita? Wace hanya kuke bi? In ya amsa su da kyau, ku sa mishi albarka. Ƴaƴa mata ma da ke sha'awa, jikinsu na buƙatar motsi kamar na kowa, abin da suke nema shi ne hanya mai aminci da abokan tafiya na kirki.

Su kuma hukumomin birni, ga abin dubawa. Ranar 3 ga Yuni ita ce ranar keke ta duniya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2018. Share yashin gefen kwalta, da ware ma masu keke da masu tafiya a ƙasa wani yanki na bakin kogi da safiyar Lahadi, ba aikin biliyoyi ba ne. Ɗalibi mai zuwa makaranta da mai tallan burodi za su fi masu tsere cin moriyarsa.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. A Afrilun 2021 iyakokin ƙasa a rufe suke ga matafiya, da yawanku kun shekara ba ku taka gida ba a lokacin. Kowa ya kula da jikinsa inda yake, a wanke hannu. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya kai mu azumi da rai da lafiya.